Daga Lambar Rimi zuwa Kwangwalam da zancen ƙananan tashoshin nukiliya

Ɗaurin auren ɗan kawuna ne ya kai ni Daura a tsakiyar hunturu. Daga Zariya, inda nake koyar da fiziks a wata makarantar sakandare, hanyar da ta fi kusa ita ce ta Kano da Kazaure, amma sai na zagaya ta Katsina don in gaida Yaya, wadda aka kwana biyu ba mu haɗu ba. A Kano na canza mota. Muka bi ta Bichi da Tsanyawa, muka wuce Yashe da Kankiya da Charanci. Hazo ya rufe ko'ina, gonaki an kwashe amfani, sai karan dawa a jingine da shanu suna kalar abin da ya saura.

Da muka iso Lambar Rimi, direba ya nuna gefen hanya da haɓa ya ce, "Malam, ga fankokinmu can."

Dogayen turakun ƙarfe ne na samar da wutar lantarki daga iska, kowanne da fiffike biyu a kansa, an ɗaɗɗaure su da wayoyi ta kowane ɓangare. Guda 37 ne, tsayin kowanne mita 55, kuma an ƙera kowanne ya ba da kilowat 275, jimilla megawat 10 ke nan da 'yar ɗoriya. Ranar iska na kaɗawa sosai, har tana koro ƙura da ledoji kan kwalta, amma galibin waɗanda idona ya kai kansu a tsaye suke cik.

Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina aka soma zancen wannan aiki. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba wani kamfanin Faransa kwangilar kafa injinan. A Disamba 2012 'yan bindiga suka afka gidan da injiniyan kamfanin yake zaune a garin Rimi suka tafi da shi, sai a Nuwamba 2013 ya samu ya kuɓuce musu a Zariya. Aiki ya tsaya, kaya suka sha rana da ruwan sama, aka yi ta sa ranar buɗewa ana ɗagawa. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce yaron da aka haifa shekarar da aka fara maganar fankokin nan yanzu ya isa aure. Babu wanda ya yi dariya a motar.

Maganar ta zauna mini ƙwarai, don akwai abin da nake tafe da shi a rai. 'Yar Yaya tana shekarar ƙarshe a jami'a, ita ma fiziks take karantawa, kuma tun kafin in taso ta kira ni ta ce ƙananan tashoshin nukiliya ta zaɓa ta yi binciken kammala karatunta a kai, tana so mu zauna. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Ga shi tun ban isa ba na ci karo da injin da ba ya shan mai, ba ya neman ruwa, ba ya barin shara mai haɗari, iskar Allah kawai yake jira, amma ya gagare mu shekara da shekaru. A ganina duk mai son yin zancen nukiliya a ƙasar nan ya kamata ya fara tsayawa a Lambar Rimi.

Mun shiga birni ta Ƙofar Ƙaura bayan la'asar. Abin da ya fara ɗaukar idona faifan sola ne: a rufin shaguna, a kan masallatai, a rumfar mai cajin waya, a fitilun titi. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayu 2023, duk wanda ya samu ɗan sarari ya sayi faifai da batir. Na leƙa hasumiyar Gobarau kamar yadda na saba in na zo garin, na yi magariba a nan kusa, sannan na hau keke zuwa gidan Yaya. Kafin in isa duhu ya shiga, faifan nan duk sun gama aikinsu na ranar, ƙarar janareto ta fara tashi layi-layi.

Yaya ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta kuma dama fura. Bayan isha'i muka zauna a tsakar gida gefen kaskon wuta, ni da ita da maigidanta Alhaji, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1980. 'Yar tawa ta fito da littafinta.

"Kawu, bari in fara yi wa Baba bayanin, kai kuma ka gyara mani inda na kauce."

Ta ce a tashar nukiliya zafi ake samarwa, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. Inda ta bambanta da tashar kwal ko ta gas shi ne ba a ƙona komai. Ƙwayar zarra ta yuraniyom ce ke tsagewa gida biyu, ta saki zafi, ta kuma saki wasu 'yan ƙwayoyi da ke zuwa su tsaga na kusa da ita, a haka abin ke ci gaba, ana daidaita shi da wasu sanduna masu shanye waɗannan ƙwayoyi. Ɗan curin mai da bai kai giram 10 ba yana ba da zafin da ya yi kusa da na tan guda na kwal. Da yake ba a ƙona komai, babu hayaƙin nan mai ɗumama duniya. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya auna, in an haɗa da haƙar ma'adini da gini da komai, kowane yunit na wutar nukiliya wajen giram 12 na iskar kabon yake jawowa, na gas giram 490, na kwal 820. Kuma tasha takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu tana aiki dare da rana kafin a tsayar da ita a sake mata mai.

Nan Alhaji ya gyara zama. "Dare da rana kika ce? To wannan ita ce wutar masana'anta. Injin mulmula ƙarfe ba ya jiran rana ta fito, kuma in aka ɗauke wuta da jan ƙarfe a bakinshi, asara ta tabbata."

Ta ci gaba da cewa manyan tashoshin da duniya ta saba da su, kowace tukunya, wato inda ƙwayar zarra ke tsagewa, takan ba da megawat 1,000 ko fiye. Irinsu ne Rasha ke gina wa Masar a Al-Daba'a tun 2022, guda 4, kowace megawat 1,200. Ta Koeberg a Afirka ta Kudu kuwa tun 1984 take aiki, kuma har yau ita kaɗai ce ke ba da wutar nukiliya a nahiyar nan. Ginin irin waɗannan yakan ci shekara bakwai, goma, wani lokaci fiye. Ƙananan da take bincike a kansu, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ce su ne waɗanda ba su wuce megawat 300 ba, kuma burin shi ne a riƙa ƙera su a masana'anta iri ɗaya, a ɗauko su guntu-guntu a harhaɗa a inda ake so, in buƙata ta ƙaru a ƙaro wata. Da yawansu an tsara su ta yadda ko famfo ya tsaya, ruwan da ke ciki zai ci gaba da zagayawa da kansa, mai zafi ya hau sama mai sanyi ya sauko, tukunyar ta huce. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan a 2011, inda igiyar teku ta kashe janaretocin da ke tura ruwan sanyaya, shi ake gudu.

Alhaji ya ce, "Wato maimakon a kwaɓa ƙasa a wurin gini, a gidan bulo za a bugo su a ɗoro a mota."

"Haka ne, Baba."

A nan na sa baki, don akwai dalilin da ya sa ƙanƙantarsu ta shafe mu fiye da wasu. Wutar da babban layin ƙasa ke rarrabawa a yawancin ranaku tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Injiniyoyi suna da ƙa'ida cewa kada inji guda ya wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin layin, don in ya tsaya bagatatan sauran su iya ɗaukar nauyin. Tukunya mai megawat 1,200 a kan layinmu ta kai kashi ɗaya cikin huɗu. Ranar da ta yi tari, ƙasa duka ta shiga duhu, ga layin da ya faɗi fiye da sau goma a 2024 kaɗai. Mai megawat 100 ko 300 kuwa layin zai iya da ita.

Yaya, wadda tun ɗazu take ɓare gyaɗa ba ta ce uffan ba, ta tuno Oktoba 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke taho da wuta ta Binuwai shi ma ya samu matsala, galibin jihohin Arewa suka yi kwanaki babu wuta. Ta ce abin da ya fi ci mata rai ruwa ne. Rijiyoyin burtsatse sun tsaya, kuɗin jarka ya tashi, masu niƙa sun ƙara kuɗi, mai sayar da zoɓo da kunun aya ta rasa ƙanƙara. Katsina a ƙarshen waya take. Wutarta daga Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na Kudu take tasowa, ta yi ɗaruruwan kilomita cikin dazuzzukan da jami'an tsaro ma sai da shiri suke shiga.

"To ka gani, Kawu," in ji 'yar. Ta lissafo abubuwan da suka ƙara mata ƙarfin gwiwa. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 ƙasashe fiye da 20 sun yi alƙawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050, Najeriya ta sa hannu a taron Baku na 2024. Ghana ta ƙulla yarjejeniya a 2024 kan ƙaramar tasha ƙirar kamfanin NuScale na Amurka. Bankin Duniya, da ya yi shekaru ba ya ba da bashi kan nukiliya, ya janye wannan haramci a Yuni 2025.

Duk gaskiya ne. Sai na tambaye ta guda nawa ne a duniya suke ba da wuta yau. Ta san amsar. Rasha tana da mai iyo a kan jirgin ruwa, Akademik Lomonosov, a garin Pevek can ƙarshen arewa, tukwane biyu masu megawat 35 kowace, tun ƙarshen 2019. Sin tana da ta Shidaowan mai megawat 210, wadda iskar hiliyom ke ɗauke mata zafi, man da take amfani da shi kuma dunƙule-dunƙule ne masu faɗin santimita 6. A Disamba 2023 ta fara aikin kasuwanci. Sin ta kuma soma ginin Linglong One mai megawat 125 a tsibirin Hainan a 2021. Sauran ƙirar da ake ta zancensu, gommai ne, galibinsu a takarda da kwamfuta suke.

Sai kuɗi, inda zancen ya fi nauyi. A Amurka wasu garuruwa sun haɗa kai za su gina tukwane 6 na NuScale a jihar Idaho, megawat 462. Kuɗin da aka ƙiyasta ya yi ta hawa har ya kai dala biliyan 9.3, farashin wutar ya tashi daga dala 58 zuwa 89 kan kowane yunit 1,000, duk da tallafin gwamnati, a Nuwamba 2023 aka soke aikin. A Kanada an amince a Mayu 2025 a fara gina mai megawat 300 a Darlington, ana sa ran ta fara aiki wajen 2030, kuma ta farkon da kayan da za ta yi tarayya da waɗanda za su biyo bayanta za ta ci dalar Kanada biliyan 7.7, wato fiye da dalar Amurka biliyan 5. Madatsar Zungeru tamu mai megawat 700 kimanin dala biliyan 1.3 ta ci. Dalilin tsadar a fili yake: ƙaramar tasha ma sai ta samu masu gadi, da injiniyoyi, da katangar kankare, da binciken hukuma, kusan kamar babba, alhali wutar da za ta sayar ta biya su kaɗan ce.

'Yar ta ce ai na farko kullum shi ke da tsada, in masana'anta ta ƙera hamsin ko ɗari farashi zai sauko, kamar yadda na faifan sola ya sauko. Na yarda da ita cewa hakan na iya faruwa, kuma ina fata ya faru. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma gwajin nan masu kuɗi ya kamata su biya shi. Ƙasar da asibitocinta ke haihuwa da hasken tocila ba ita ce za ta ci bashi ta sayi ta farko ko ta biyu ba.

Washegari Juma'a muka kama hanyar Daura da sassafe, ta Mashi da Shargalle, tafiyar wajen kilomita 80. A ƙauyuka da dama na ga tankin ruwa a sama da faifan sola a gefensa, mata da yara na ɗiba ba tare da jiran kowa ba. Wannan abu yana aiki yau, kuma ya faranta mini rai. Sai dai ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan da yawa har sun koma ruwan ƙasa, kuma faifan da ba a goge ba yana rasa wani kaso na ƙarfinsa.

An ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci, aka raba goro da dabino, maroƙa suka yi nasu. Da yamma na bi yaran gidan zuwa Kusugu, muka ja guga muka sha. Kowane ɗan makaranta ya san labarin: macijin da ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya kashe shi, da Sarauniya Daurama. Ko me masana tarihi za su ce game da shi, mutanen da suka ajiye labarin kafuwarsu a bakin rijiya sun san darajar ruwa. Kuma ruwa shi ne abin da masu tallar ƙananan tashoshi suka fi saurin tsallakewa.

Tashar da ke aiki da tururi, kashi ɗaya cikin uku na zafinta ne ke zama wuta, sauran biyun dole a zubar da shi wani wuri. In da hasumiyar sanyaya ake amfani, kowane yunit yakan ƙone lita biyu zuwa uku na ruwa. Na yi lissafin a bayan katin gayyata: mai megawat 300 za ta sha wajen lita miliyan 18 kowace rana. Daga ina? Daga Sabke, ko Daberam, ko Ajiwa, ko Zobe, waɗanda mutane da dabbobi da masu noman rani ke rububi, a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu? Ana iya sanyaya tasha da iska, amma yana ƙara kuɗi, yana kuma rage ƙarfinta daidai lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40, lokacin da aka fi neman wutar. Akwai Palo Verde a hamadar Arizona ta Amurka da ke amfani da ruwan dattin birni da aka tace, amma sai garin da ke da magudanan ƙarƙashin ƙasa zai iya haka. Galibin waɗanda na ambata a baya, a bakin teku suke ko bakin babban tafki. Wuraren da Najeriya ta ware wa tashar nukiliya ma, Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, duk a bakin kogi suke. Saboda haka ko da mun samu irin wannan tasha, na fi kyautata zaton ta waya wutarta za ta iso Daura. Mun koma kan zancen Yaya ke nan, zancen layi da masu sare shi.

Ranar Asabar na bi Kawu, uban ango, raka baƙin da suka zo daga Nijar zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. A cikinsu akwai wani tsohon amininsa, mutumin Matamaye, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a Arlit, garin haƙar yuraniyom a arewacin Nijar. Da Kawu ya gaya masa abin da muke ta tattaunawa, sai ya juyo gare ni.

"Yaro, ni na ɗauki abin nan da hannuna. Gari ne rawaya, a cikin duro. Mu bi da shi ta Agadas, ta Tawa, har ya kai Kwatano a sa a jirgi."

"Baba, garin fa, yaya yake?"

Ya ce ƙura. Ya ce akwai tsaunukan da ba Allah ya yi su haka ba, tarin ƙasar da aka tace ne, iska na kwasa tana watsawa cikin gari. Ya ce sun sha sayen ƙarafan da aka zubar daga ma'adinin a kasuwa, a yi ƙofa ko tukunya, sai daga baya masu bincike suka zo da na'ura suka ce wasunsu na fitar da hasken nan da ido ba ya gani mai lahani ga jiki.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Mahaƙar Akokan da ke kusa an rufe ta a Maris 2021, ta bar tarin shara kimanin tan miliyan 20. A 2025 gwamnatin Nijar ta ƙwace ragowar babbar mahaƙar ta mayar da ita ta ƙasa. Faransa tana samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, kuma shekaru da dama yuraniyom ɗin Nijar na cikin abin da ke kunna ta. Ita Nijar ɗin kuwa, kafin Agusta 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take saye, har akwai layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ba Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulki aka yanke, sai a Maris 2024 aka mayar. Tsohon ya ce watannin nan sun ji jiki.

Kawu ya ce to tunda abin a maƙwabta yake, ai mai ba zai yi mana wuya ba. Na bayyana masa cewa garin da ke cikin duron nan ba ya kunna tukunya yadda yake. Nau'in da ke tsagewa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai a cikinsa. Sai an kai shi masana'antar da za ta ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5, wasu sababbin ƙirar ma har kusan 20 suke so, kuma ƙasashen da ke wannan aiki 'yan kaɗan ne, Rasha ce kan gaba. Wanda ya sayi tasha ya ɗaura alaƙa da mai ba shi mai na shekara 60. Man da aka gama amfani da shi kuma yakan ɗauki dubban shekaru yana da haɗari. Finland ce ta fi kowa nisa wajen tanadar masa makwanci, ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse. Ƙanƙantar tasha ba ta kawar da ko ɗaya daga waɗannan. Ni dai, bayan na saurari tsohon nan, ba zan ƙara kiran wata wuta mai tsabta ba sai na tambayi yadda aka bar garin da aka haƙo ta.

Muka yi sallama da su a shingen, suka hau motar Matamaye. A hanyar dawowa Kawu ya biya da ni wurin injinsa na casar shinkafa da niƙa. Ya buɗe mini littafin da yake rubuta kuɗin man dizal. Lita guda ba ta ba shi fiye da yunit 3 zuwa 4, kuma ita ce ke cinye ribar. Ya riga ya sa sola a gida da kan rijiyarsa, amma injin casa ya fi ƙarfin faifan da batirin da aljihunsa zai iya. Ya ce duk wanda ya kawo masa wuta mai tsayawa, a farashin da ya gaza na dizal, ya samu mai saye. Sannan ya yi tambayar da ta fi duk waɗanda aka yi mini a tafiyar.

"Amma tsakaninka da Allah, mu za mu iya riƙon abin nan?"

Na ce masa akwai tukunyar nukiliya a Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Bai taɓa ji ba. 'Yar ƙarama ce ƙirar Sin, kilowat 30 aka fara da ita, ba ta ba da wutar gari. Gwajin ma'adinai da ƙasar noma da abinci ake yi da ita, ana kuma horar da ɗalibai. Tun 2004 take aiki, 'yan ƙasa ne ke sarrafa ta. A 2018 aka cire mata man da aka tace sosai, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun miyagu, aka mayar da shi Sin, aka sa mata mai ƙarancin ƙarfi. Akwai hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa da aka kafa da doka tun 1976, akwai kuma hukumar sa ido da ta fara aiki a 2001, ga masu binciken ƙasa da ƙasa da ke zuwa su duba. Wato inda aka horar da mutane, aka bar su a kan aikin, aka kuma sa wanda zai tambaye su lissafi, mun riƙe abu fiye da shekara 20. Inda aka sayo inji aka yanka zare aka tafi, Kawu ya san yadda ake ƙarewa.

Abin da na gaya masa shi ne abin da na yi imani da shi. Ƙananan tashoshin nukiliya suna da gurbi a gaba, gurbin dare, da na masana'anta, da na watannin da madatsun ruwa ke ja baya, kuma ba na son a rufe mana wannan ƙofa saboda tsoro. Amma ba su ne za su kunna injinsa a shekaru goma masu zuwa ba. A wannan tsakanin, rana muke da ita, da iska, da gas, da layukan da ke neman gyara da tsaro, kuma dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. A bar Kanada da Sin da Ingila su gina ta farko har zuwa ta goma, mu ga ainihin kuɗin da ainihin matsalolin. Mu kuma mu tura yara irin 'yar Yaya su koyo aikin tun yanzu, don injiniyan da zai zauna gaban irin wannan tukunya ba a shekara biyu ake yin sa ba. Kawu ya rufe littafinsa ya ce Allah ya nuna mana.

Ta Kazaure na koma. A wurare da dama hanya na tafiya kusa da aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ganinsa ya tuna mini wani abu da ba mu taɓo ba a tsakar gidan Yaya. Tukunya guda ta NuScale tsayinta ya kai mita 23, nauyinta wajen tan 700, kashi uku ake raba ta kafin a ɗauka. Daga tashar jirgin ruwa zuwa cikin ƙasa sai an samu gadoji da hanyar da za su iya da wannan nauyi, ga shi sabon layin dogon da ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya, tsakaninsa da Abuja ba a shimfiɗa ba tukuna. Muna isa Ɗambatta na kira 'yar tawa na ce ta ƙara babi a kan sufuri da babi a kan ruwa. Ta ce na ruwan ta riga ta fara tun daren jiya.